Jimmy Carter: manomin gyaɗa da ya yaƙi kurkunu

Ranar 29 ga watan Disamba na shekara ta 2024, a wani ɗan gari mai suna Plains cikin jahar Jojiya ta ƙasar Amurka, Jimmy Carter ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara 100 da haihuwa. Duniya ta san shi da shugaban Amurka na 39, wanda ya riƙe mulki daga 1977 zuwa 1981. To amma shekara huɗu kaɗan ce cikin ƙarni guda. Sauran kwanakinsa gida da gona da majami'a da hidimar marasa ƙarfi suka cinye su. Mu kuwa ƴan Nijar, musamman mutanen karkara, muna da namu dalili na tunawa da shi.

Ɗan ƙauye

An haife shi ranar 1 ga watan Oktoba 1924. Ya tashi a gonar ubansa, cikin gidan da ba lantarki, ba ruwan famfo, yana tallar dafaffar gyaɗa a titin Plains tun yana ƙaramin yaro. Uwarsa, Lillian, ma'aikaciyar jiyya ce, tana shiga gidajen baƙar fata tana duba marasa lafiya a zamanin da wariyar launi take doka a kudancin Amurka. Ita ce ta taimaka wajen haihuwar wata jaririya a maƙwabta a shekara ta 1927, aka raɗa mata suna Rosalynn. Jaririyar nan ita Jimmy ya aura ranar 7 ga watan Yuli 1946, bayan ya ƙare makarantar hafsoshin sojan ruwa.

A 1953 ubansa ya rasu. Carter ya ajiye aikin soja ya komo gida ya riƙe gona da cinikin gyaɗa, ba tare da ya yi shawara da matarsa ba. Abin ya ɓata mata rai ƙwarai, don ita ta so zaman birni. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Da tafiya ta yi tafiya, ita ta kama lissafin kuɗin sana'ar, har ta fi shi sanin inda riba take. Daga baya ya koyi neman shawararta, kuma bai bari ba ko da ya hau mulki.

Allah ya ba su ƴaƴa huɗu, uku maza, autarsu mace. Sun ɗora ma kansu ƙa'ida biyu: ba su kwana da fushi, kuma kowane dare sai sun karanta Littafi Mai Tsarki tare. In tafiya ta raba su, kowa ya karanta wuri guda a inda yake. Da haka suka yi shekara 77 da aure, har Rosalynn ta rasu ranar 19 ga watan Nuwamba 2023.

Ibada da tsada

Carter Kirista ne ɗan ɗarikar Baptis, kuma addininsa ya sha jawo masa hasara. Cikin shekarun 1950 fararen fata na yankinsu suka kafa ƙungiyar kare wariya, suka matsa masa ya shiga. Ya ƙi, wasu suka ƙaurace ma cinikinsa. Cikin shekarun 1960 ikilisiyarsu ta jefa ƙuri'a kan hana baƙar fata shiga sujada. Shi da iyalinsa suna cikin ƴan ƙalilan da suka ce a buɗe ƙofa, aka rinjaye su. A shekara ta 2000 ma ya raba gari da babbar tarayyar Baptis ta kudancin Amurka, domin ta hana mata riƙe shugabancin ikilisiya.

A kan mulki ya zaunar da Anwar Sadat na Masar da Menahem Begin na Isra'ila kwana 13 a Camp David a 1978, har suka sa hannu kan yarjejeniya. A shekarar kuma ya ziyarci Legas. Amma tsadar rayuwa, da Amurkawan da aka tsare a Iran kwana 444, suka kayar da shi a zaɓen 1980. Ya koma Plains ya tarar da sana'ar gyaɗa cikin bashi, ala tilas ya sayar. Ya sake shiga ɗan gidan da ya gina a 1961, bai ƙara wani ƙaura ba. A majami'ar Maranata yana koyar da karatun Lahadi, yana yankan ciyawar fili in layi ya zo kansa, matarsa tana share ɗakuna. Kasancewarsa kafinta, shi ya sassaƙa gicciyen katako na majami'ar da hannunsa. Cikin Disamba 2015 wani jikansa ya rasu yana ɗan shekara 28. Da gari ya waye, Lahadi ce, tsohon ya zo ya sanar da jama'a rasuwar, sa'an nan ya ba da darasinsa.

Yaƙi da kurkunu

Dattawan jahar Damagaram ba su bukatar a gaya musu ko mene ne kurkunu. Mutum ya sha ruwan tabki mai ƴan ƙananan ƙwari ɗauke da ƙwayar cutar. Bayan kamar shekara guda ƙafa ta yi bororo, tsutsa mai kusan mita ɗaya ta fara fitowa, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan har makonni. Ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Mafi muni, da damina take kwantar da manomi, gona ta cika da haki, yara su bar lakkol, rumbu ya kwana wayam.

Cibiyar da Carter da matarsa suka kafa a Atlanta a 1982 ta ɗaura ɗamarar yaƙi da wannan cuta a 1986. A lokacin an ƙiyasta mutum miliyon 3 da rabi suna kamuwa kowace shekara cikin ƙasashe 21 na Afirka da Asiya. Makaman yaƙin ba su da tsada: ƙyallen tace ruwa, maganin da ake zubawa a tabki, rijiyoyi, da ma'aikatan sa kai na ƙauye masu hana mai kurkunu shiga ruwa. Carter ya jawo tsofaffin shugabanni irin su Janar Amadu Tumani Ture na Mali da Janar Yakubu Gowon na Nijeriya suka shiga ƙauye-ƙauye.

A nan Nijar, binciken da aka yi a 1991 ya gano kimanin mutum 33.000 masu kurkunu. Ma'aikatar kiwon lafiya da sarakuna da masu gari suka haɗa hannu da cibiyar da sauran masu taimako. A 2008 aka ga na ƙarshe da ya kamu cikin ƙasa, a 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da cutar. Cibiyar ta kuma taimaka wajen yaƙi da ciwon ido na amodari, ta hanyar gina salga da koyar da wanke fuskar yara.

A 2002 aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya. A 2015, da likitoci suka gano ciwon daji ya kai masa ƙwaƙwalwa, ya gaya ma ƴan jarida cewa burinsa kurkunun ƙarshe ya riga shi mutuwa. Burin bai cika ba, amma saura ƙiris: a 2023 mutum 14 kaɗai aka ƙidaya a duniya duka, mafi yawansu a Cadi.

Ranar 9 ga watan Janairu 2025, bayan jana'izar ƙasa a Washinton, aka mai da shi Plains aka binne shi kusa da matarsa a harabar gidansu. Hausawa sun ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Tun da yake cutar ba ta gama ƙarewa a maƙwabtanmu ba, ya kamata jama'ar karkara su ci gaba da tace ruwan sha, kuma duk wanda ya ga alamar kurkunu ya hanzarta sanar da likita mafi kusa.