Littafin Bashi Ya Koma Cikin Waya: Ina Aka Ajiye Kwafinsa?

Daga Wakilinmu

A farkon watan Satumba na 2021, bisa roƙon Gwamnatin Jihar Zamfara, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a faɗin jihar domin yaƙi da 'yan bindiga. An mayar wa Gusau da nata a farkon Oktoba, amma mutanen Dauran da Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda sai da suka jira har ƙarshen Nuwamba. An yi maganganu da yawa kan hasarar ciniki da yankewar zumunci a watannin nan. Abin da ba a cika ambata ba shi ne halin mutumin da lissafinsa duka yake cikin manhajar da ba ta buɗewa sai da intanet. Wayarsa tana hannunsa, amma ba shi da hanyar duba wanda yake bi da wanda ke binsa.

Rubuta lissafi ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ana awon gyaɗa da auduga ana shigarwa a littafi, aya mafi tsawo a Alƙur'ani kuwa, watau ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take. Abin da ya sake shi ne mazaunin rubutun. A yau malamin makaranta a Dauran, ko ma'aikacin ƙaramar hukumar Zurmi, ko ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, yakan shigar da albashi da zubin adashi da kuɗin taki da bashin 'yan'uwa a waya ko kwamfuta.

Manhaja Dabam, Fayil Dabam

Ya kamata mai karatu ya rarrabe abu biyu. Manhaja ita ce kayan aiki, kamar alƙalami da tawada, in ta ɓace ana sake sauko da wata. Fayil kuwa shi ne littafin kansa, in ya tafi ba a sayen irinsa a kasuwa. Wasu manhajoji, irin su GnuCash wadda kyauta ce, suna ajiye fayil ɗin a cikin na'urar mai ita. Wasu kuma suna ajiye shi a kwamfutocin kamfani a wata ƙasa, mai lissafi leƙe kawai yake yi ta intanet.

Kowace hanya da nata haɗari. Fayil na cikin waya yana tafiya da ita ranar da aka sace ta, ko ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya wanke ta. Wanda ke hannun kamfani kuwa yana rufewa ranar da sabis ya ɗauke, ko ranar da kamfanin ya naɗe tabarmarsa. Wannan ya sha faruwa. Microsoft ya daina sayar da manhajarsa ta Money a 2009. A watan Maris na 2024 kamfanin Intuit ya rufe Mint, wadda miliyoyin mutane a Amurka da Kanada suke lissafin gida da ita. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda Ake Tsare Shi

Masana harkar suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri dabam. Ga mutumin Dauran, ma'anarta ita ce fayil na aiki a waya, kwafi a katin memori ko filas da aka ɓoye a gida, sa'an nan na uku a ajiyar intanet ko wurin amintacce a wani gari. A ware rana guda a mako domin wannan aiki. Mai cin kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, alal misali, ya yi kwafinsa a daren nan bayan ya gama shigar da cinikin ranar.

Kwafi kuma ya sami suna mai kwanan wata, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar "Lissafin gida 2025-03-31". Ta haka na'ura za ta jera su bi da bi. Amma fayil ɗaya tak ake rubutu a cikinsa. Wanda ya yi rubutu yau a wannan, gobe a wancan, zai wayi gari da littafi biyu masu ƙaryata juna. GnuCash takan yi kwafi da kanta idan an adana aiki, sai dai a gefen fayil na asali take ajiye shi, don haka in kwamfutar ta mutu tare za su tafi.

Har wa yau, a ƙarshen kowane wata a fitar da lissafin cikin tsarin da ake kira CSV, wanda Excel da ire-irenta suke iya buɗewa ko da manhajar farko ta shuɗe. A ƙarshen shekara a buga jerin basussuka a takarda. Lokaci-lokaci kuma a gwada buɗe kwafin a wata na'ura, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Sirri Da Magada

A ƙasar da ake tare hanya ana ƙwace waya, fayil ɗin da ke nuna yawan buhunan mutum da shanunsa da abin da ke asusunsa na banki yana iya zama ma'aunin kuɗin fansarsa. Saboda haka a sa wa waya da manhaja lambar sirri, kada a bar cikakken lissafin shekaru a wayar da ake tafiye-tafiye da ita, kada kuma a tura fayil ɗin cikin zaurukan WhatsApp. Kafin a miƙa waya ga mai gyara, a zare katin memori.

Sai dai ɓoyewa tana da iyaka. A shari'ar Musulunci sai an biya bashin mamaci kafin a raba gadonsa. Littafin takarda, ko a ƙarƙashin katifa yake, magada za su same shi. Wayar da aka kulle kuwa, in mai ita ya riga mu gidan gaskiya ba wanda ya san lambarta, haƙƙin marayu da na masu bin bashi yana iya salwanta a cikinta. Ya kamata maigida ya zaɓi mutum ɗaya da ya amince da shi, mata ko babban ɗa ko ɗan'uwa, ya shaida masa inda kwafin yake da yadda ake buɗe shi, tun yana da rai da lafiya.