Ziyarar Wuraren Tarihi a Garin Jami'a: Daga Tartu Zuwa Kano da Ƙasar Kura

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma bisa wannan hujja ce malaman makarantu sukan kwashi ɗalibai a mota zuwa kallon ganuwa da gidajen ajiye kayan tarihi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a wurin kayan tarihi gani kaɗai ba ya wadatarwa, sai an gama shi da ji, watau da sunan abin da aka gani, da sunayen sassansa, da bayanin yadda ake aiki da shi daga bakin masu shi. Za mu fara da misalin Tartu, wani garin jami'a a ƙasar Istoniya, sa'an nan mu komo birnin Kano, daga bisani mu gangara Kura da Madobi da Bunkure, inda wannan magana ta fi bukatar gaggawa.

2.0 Tartu: Yadda Tattara Magana Ya Haifi Gidan Tarihi

Istoniya ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, tana maƙwabtaka da Rasha, masu harshenta kuwa ba su fi miliyan 1 da 'yan kai ba. Tartu, wanda ke bakin kogin Emajogi, shi ne garinta na ilmi. Sarkin Suwidin Gustavus Adolphus ne ya kafa jami'arsa a 1632, amma an daɗe ana karatu a cikinta da Latin da Jamusanci da Rashanci, sai a 1919 harshen 'yan ƙasa ya zama harshen koyarwa. Baƙon da ya je garin yakan hau tudun Toome ya ga kangon tsohuwar majami'a, wadda aka mai da wani sashenta gidan tarihin jami'a, sa'an nan ya nufi Gidan Tarihin Al'ummar Istoniya, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2016 a gefen wani tsohon filin jiragen yaƙi na Tarayyar Sobiyet.

Abin lura a nan shi ne asalin wannan gida na biyu. A 1888 wani malami mai suna Jakob Hurt ya yi kira ta jaridu ga jama'a su rubuto masa waƙoƙin gargajiya da tatsuniyoyi da karin magana da kalmomin karkararsu. Mutane fiye da 1,000 suka amsa, cikinsu har da malaman ƙauye da ɗalibai da manoma, aka tara shafuka fiye da 100,000. Ya rasu a 1907, aka kafa gidan tarihin a 1909 don tunawa da shi. Ashe ke nan a Tartu magana aka fara tarawa, kaya suka biyo baya. Mu kuwa kaya muka fara tarawa, yawancin maganar tana nan a bakin tsofaffi.

3.0 Kano a Matsayin Garin Jami'a

Kano ba ta rasa abin nunawa ba. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Gijimasu (1095-1134) ne ya fara gina ganuwa, Muhammadu Rumfa (1463-1499) kuma ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarautar da ke ɗauke da sunansa, ya kafa kasuwar Kurmi. Ga dutsen Dala mai labarin Barbushe da Tsumburbura. Ga Gidan Makama daura da fada, wanda Turawa suka yi ofis a cikinsa bayan sun ci birnin a 1903, daga baya ya zama gidan ajiye kayan tarihi. Ga kuma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, mazaunin Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar boko a 1909. Jami'ar Bayero, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1977, tsohon matsuguninta yana jikin ganuwa, kusa da ƙofofin Dukawuya da Kabuga.

Duk da haka, wanda ya taɓa raka ɗalibai irin wannan ziyara ya san yadda takan kasance. A shiga zaure, a wuce sulke da kwalkwali da lifidi, a leƙa ɗakin amarya, a ɗauki hoto, a fito. In ka tambayi yaro abin da ya gani a rufin zauren, sai ya ce katako da ƙasa. Alhali kuwa abin da ke bisa kansa azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, an jera ta bisa bakan gizo, inda bakuna suka haɗu a tsakiya kuma ɗaurin guga ke nan. Bangon da ya jingina da shi na tubali ne, an shafe shi da makuba, ruwan sama yana sauka ta indararo, ƙahonnin da ke saman soron kuwa su ne zankwaye. Kowace kalma daga cikin waɗannan tana ɗauke da dabarar magina, kuma in ta faɗi daga baki, dabarar ta tafi da ita. Haka ma ganuwa: an haƙe ƙasarta a wurare da yawa, an yi gini a kanta, an kuma rushe Ƙofar Na'isa a 2010 domin faɗaɗa hanya aka sake ta da kayan zamani. Yaron da bai san aikin Sarkin Ƙofa ba, ba shi da dalilin da zai sa wannan ya dame shi.

4.0 Kura, Madobi da Bunkure: Tarihin da Ke Raye

Malami daga Madobi ko Bunkure yakan ɗauka cewa tarihi yana birni, shi ya sa yakan kai ɗalibansa marinar Ƙofar Mata, ya manta da cewa Kura tana kusa da shi. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya bayyana cewa saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin ƙasar, Philip Shea kuma a kundin digirinsa na 1975 ya nuna cewa yawancin wannan aiki a garuruwan karkara ake yinsa, musamman na kudu da birni. Kura ta yi suna har hamada saboda turkuɗi da rawani ɗan Kura, waɗanda Buzaye ke saye da tsada.

A duba yawan kalmomin da ke tattare da wannan sana'a guda. Masaƙa suna saƙa ƙyalle siriri ƙwarai, a ɗinke shi, a kai marina. A can akwai karofi, watau ramin rini, inda ake zuba baba da toka da ruwa, a riƙa motsawa da muciya har ya nuna. In tufa ta rinu sai a kai ta mabuga, a ɗora bisa gungume, a yi ta bugu ana sa mata shuni har ta yi ƙyalli. Laka da ta kwanta a gindin karofi ita ce ake kwashewa a ƙone ta zama katsi, shi kuma katsi in an gama shi da gashin akuya daga majema da ruwan dafara sai ya zama laso, wanda ake dalaye karofi da rufin soro da shi don kada ruwa ya ratsa. To, a nan marini da majemi da magini suka haɗu a kalma ɗaya, kuma wanda ya fahimci laso a Kura ya fahimci rufin Gidan Makama.

Dalilin gaggawa shi ne canjin da ya sami yankin. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, aka jawo ruwa ta magudanai zuwa Kadawa da Kura da Bunkure, noman rani na shinkafa da alkama da tumatir da albasa ya zama babbar sana'a. Wannan alheri ne, ba mai musu. Sai dai saurayin da dā zai bi mahaifinsa marina yanzu yana gona rani da damina, ga kuma shuɗin kanti da yadin masaƙun zamani sun rage wa karofi ciniki. Sababbin kalmomi na injin ban ruwa da takin zamani suna shigowa, na rini da bugu suna fita, ba tare da an rubuta ko waɗannan ko waɗancan yadda ya kamata ba.

5.0 Yadda Ya Kamata a Tsara Ziyara

A ganina ziyara ta kasu kashi uku. Kafin a tashi, malami ya ba ɗalibai jerin kalmomi su nemo ma'anarsu a ƙamus ɗin Bargery na 1934, ko na Abraham na 1949, ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. A wurin ziyara, kowane ɗalibi ya zaɓi abu guda kurum, ya zana shi, ya tambayi sunansa da na sassansa. Bayan an komo gida, ya sami wani dattijo ko wata tsohuwa a unguwarsu ya ji yadda su suke kiran abin, da karin magana ko kirarin da ya shafe shi, ya rubuta da sunan gari da ranar da ya ji. Inda bakin tsoho ya saɓa da ƙamus, kada a gyara masa, domin wannan saɓanin shi ne abin da mai nazarin karin harshe yake nema. Daga nan sai makarantu su aika da abin da suka tara ga sashen Hausa na jami'a ko kwalejin da ke kusa da su, a adana.

6.0 Kammalawa

Mun ga cewa gidan tarihin Tartu ya tsiro ne daga aikin malaman ƙauye da ɗalibansu, ba daga dukiya mai yawa ba. Mun kuma ga cewa abin da ke ajiye a Gidan Makama bayaninsa yana bakin marina da mabuga da magina na ƙasar Kura. Gini in ya tsage ana iya yaɓe shi baɗi, amma tsohon da ya san sunayen sassan karofi ba zai jira mu ba. Saboda haka ya kamata ziyarar ɗaliban Madobi ta fara daga marinar da ke kusa da su, kafin motar ta kama hanyar birni.