Hawainiyar Bakin Kogi

Da ruwan damina ya zauna, lambunan da ke gefen Kogin Kaduna ta wajen Barnawa da Kudenda sukan cika da fara da ƙudaje, a lokacin ne kuma ake yawan ganin hawainiya. Sai mai ido zai gane ta. Tana maƙale a reshen rama ko kuɓewa, yatsunta a haɗe biyu nan uku can, ta damƙe kara tam, wutsiyarta ta nannaɗe wani reshen. Ta ɗaga ƙafa, ta yi gaba, ta yi baya, ta yi rangaji irin na ganyen da iska ke kaɗawa, sannan ta sauke. Tsofaffi kan ce ta zo duniya tun ƙasa ba ta gama daskarewa ba, shi ya sa har yau ba ta yarda da inda za ta taka.

Mun mayar da wannan tafiya abin zagi. Aikin hanya ya ƙi ƙarewa, sai a ce yana tafiyar hawainiya. Ni dai ina ganin ba mu yi mata adalci ba, domin rabinta kawai muka kalla. Tsaya ka ga sa'ad da fara ta sauka kusa. Idanunta biyu, da kowanne ke juyawa nasa gefen, sai su haɗu wuri guda. Jiki ya tsaya cak. Kafin ƙiftawa da bismilla harshen da ya fi tsawon jikinta ya fita ya dawo, fara ta shige baki. Duk nawar nan don kada abinci ya farga ne, kada shaho ma ya hango ta. Masu cewa sauri ya haifi nawa sun yi gaskiya, amma a wurin hawainiya nawa ce ke share wa sauri hanya.

Launinta ma an fahimce shi a karkace. Ba kowane abin da ta hau take kwaikwaya ba. Da sanyin safiya takan yi duhu don ta sha rana, zafi ya yi ta washe, da dare tana barci ta yi fari-fari. In an tsokane ta kuwa sai ta kumbura, ta buɗe baki tana huci. Yara su watse, alhali ba ta da dafi. Tsoronta dai ya isa har ya shiga bakin manya, mai gargaɗi ya ce hawainiyarka ta kiyayi ramata.

Mutanen kudancin kogin nan ba sa buƙatar a yi musu dogon bayanin sauyi, domin su ma sun sauya kamar hawainiya. A Kakuri aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu irin su UNTL da Arewa suka biyo baya, dubban ma'aikata suka saba da rayuwar da jiniya ke tsarawa, a shiga aiki da lokaci, a karɓi albashi ƙarshen wata. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007. Magidancin da ya yi shekaru gaban injin saƙa ya koma acaɓa tsakanin Makera da Sabon Tasha, da aka hana acaɓa a 2014 wani ya kama Keke, wani ya koma gona. Mata suka kafa tukunyar ƙosai a ƙofar gida. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, kuma raina yana sosuwa da waɗanda suka zauna jiran haƙƙinsu na sallama har tsufa ya cim musu.

Ita ma hawainiya akwai inda dabararta ke ƙarewa. Macen takan sauko ƙasa ta haƙa rami ta zuba ƙwai, wani lokaci sai ta tsallaka kwalta. A kan hanyar Kachia rangajin ganye ba ya ruɗar mota, don haka a damina ake yawan tarar da su a take.