In baki ya ƙi buɗuwa bayan cire haƙori



Kafin mu shiga hirarmu ta yau, kowa ya yi wani ɗan gwaji. Ka haɗa yatsu uku na hannunka: manuni, da na tsakiya, da mai bi masa. Ka buɗe baki, ka jera su ɗaya bisa ɗaya tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa. Sun shiga? To, haka bakin babban mutum mai lafiya yake buɗuwa. In an auna, wajen santimetir 4 zuwa 5 ke nan. Kowa da yatsunsa zai auna, ba a aron na wani.

Wani lokaci mutum yakan je a cire masa haƙori, ko a yi masa wani aiki a baki. Washegari ya tashi, yatsa biyu kaɗai ke shiga, ko ma ɗaya. Loma ba ta wucewa. Hamma sai da dabara. Mukan ce muƙamuƙi ya riƙe.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai, mu mutanen gundumar Tasawa da ta Mayahi. Likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Daga Tasawa zuwa Maraɗi ma ya fi kilometir 100. Mutumin Urafan, ko na Korgom, ko na Kanambakashe, in ciwon haƙori ya hana shi barci kwana uku, sau da yawa wajen wanzami yake nufa, ko wajen mai cire haƙori a kasuwa. Ba mu zo zagin kowa ba, duk wanda ya taɓa ciwon haƙori ya san dalili. Amma ko a kasuwa aka cire, ko a gidan likita, ya kamata ka iya gane riƙewar da za ta wuce da wadda ke iya kisa.

Me ke riƙe bakin?

Ka ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe. Ka ji abin da ke motsi? Nan ne mahaɗin muƙamuƙi. Muƙamuƙin ƙasa kaɗai ke motsi, na sama a manne yake da ƙashin kai. Yanzu ka cije haƙora, ka taɓa kuncinka. Ka ji wani nama ya taso da tauri. Tsokar tauna ke nan. Akwai wata a gefen kai, bisa kunne. Akwai kuma wata can ciki, bayan haƙorin ƙarshe, wadda ido ba ya gani. Su ke rufe baki, kuma suna da ƙarfi, da su kake fasa goro. In suka ji ciwo, ko suka kumbura, sai su ɗaure, su ƙi saki. Kamar dai ƙafar wanda ya yini tafiya a ƙasa, ya tashi da safe ta ƙi miƙewa.

Abu uku suka fi sa su ɗaurewa bayan aikin haƙori. Ka daɗe baki a wangame ana aiki, tsoka ta gaji. Ko kuwa allurar kashe zafi: in haƙorin ƙasa za a cire, can ƙuryar baki ake yin ta, kusa da tsokar ciki. Wani lokaci allurar takan taɓa tsokar, ko jini kaɗan ya taru a wurin. Wannan yakan faru ko a hannun gwani. Sai kuma kumburin ciwon kansa, musamman in turmin ƙarshe na ƙasa aka cire, wato haƙorin nan da ke fitowa bayan mutum ya girma, tsakanin shekara 17 da 25. Yana da wuyar fita, kuma a gindin tsokar yake zaune.

Irin wannan riƙewa ita ce mai sauƙi, ita ce kuma aka fi gani. Tana tsananta a kwana na biyu da na uku. Daga nan sai ta riƙa raguwa kullum. Cikin sati ɗaya ko biyu yawanci baki ya koma yadda yake. Babu masassara mai zafi, kuma kana haɗiyar ruwa lafiya lau.

Ga abin da za ka yi a gida. Ranar da aka cire haƙori, kada ka kurkure baki da ƙarfi, kada ka tsotsi wurin, kada ka sa yatsa ko tsinke. Gudan jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. Daga washegari, ka tafasa ruwa, ka bar shi ya huce ya zama ɗumi. Ka zuba gishiri rabin ƙaramin cokali cikin kofi ɗaya, ka kurkure a hankali bayan kowane abinci.

Bayan kwana biyu, ka fara gashi. Ka jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ka matse, ka ɗora a kunci kamar minti 15 zuwa 20. In ka gama, ka buɗe baki sannu-sannu har inda ka ji yana ja. Ka tsaya nan, ka ƙirga ɗaya zuwa goma, ka rufe. Ka karkata haɓa dama, ka karkata hagu. Ka maimaita sau biyar ko goma. Don kada ka manta, ka riƙa yi bayan kowace salla.

Mutane da yawa nan suke kuskure. Wani ya ce tunda da zafi, bari ya bar bakin ya huta har ya warke. A'a. Tsokar da aka bari makonni ba motsi, ƙara gajarcewa take yi, ta yi tauri, sai gyaranta ya yi wuya. Wani kuma, ƴan uwa su danne shi, a sa cokali ko icce a ɓamɓare bakin da ƙarfi. Wannan ya fi muni. Ana iya karya haƙori, a yaga tsoka, kumburi ya daɗu. Ja kaɗan ake so, ba azaba ba.

Kada ka zauna da yunwa. Ka sha kunu, da koko, da fura da nono an dama da ruwa-ruwa. Ka ci tuwo mai laushi da miyar kuka ko ta kuɓewa, da ƙwai. Ka bar goro, da rake, da aya, da kilishi sai ka warke. Taba ma a ajiye ta, ta sha da ta ci, don tana hana rami warkewa. In zafi ya dame ka, farasitamol na taimakawa, bisa yadda malamin likita ya faɗa maka. Kada ka sha asfirin, yana sa jini ya ƙi tsayawa.

In sati ya cika babu sauƙi ko kaɗan, ko sati biyu sun wuce yatsu uku ba su shiga ba, ka koma a duba ka.

Riƙewar da ba ta jira

Yanzu ku kasa kunne da kyau. Riƙewa mai sauƙi, bayan kwana uku baya take yi. In ka ga taka gaba take yi, jiya yatsa biyu yau ɗaya, to wata magana ce.

Ƙwayoyin cuta na iya shiga ramin haƙori, su yi mugunya. Mugunyar ba ta tsayawa a ramin. Tana bin tsakanin tsoka da tsoka, ta gangara ƙarƙashin haɓa, ta nufi wuya. Mutum ya yi masassara. Kunci ko ƙarƙashin haɓa ya kumbura, ya yi tauri da zafi. Baki na wari. Idan abin ya yi nisa, harshe ya turo sama, miyau na zuba don ba ya haɗiyuwa, murya ta sāke, numfashi ya yi wuya. Wani likitan ƙasar Jamus mai suna Ludwig ya bayyana irin wannan kumburi tun shekarar 1836, har yau da sunansa likitoci ke kiran sa. Yana iya toshe maƙogwaro cikin yini ɗaya ko biyu. Mai ciwon suga ya fi kowa shiga haɗarinsa.

A nan babu gashi, babu sakiya, babu ƙaho, babu tsaga. Kada kuma a sayi kafso biyu ko uku wajen mai tallar magani a ce a ga abin da gobe za ta yi. Ran nan za a tafi gidan likita mafi kusa, ko da dare ne, ko da amalanke ne. In numfashi na yi masa wuya, a tafi da shi a zaune, kada a kwantar da shi rigingine. Magani shi ne allurai masu kashe ƙwayoyin cuta, kuma sau da yawa sai an tsaga an fid da mugunyar. In ƙaramin gidan likita bai iya ba, zai tura ku babban asibitin gunduma a Tasawa ko Mayahi, su kuma in ta kama su tura ku Maraɗi. In an ba ku takardar turawa, ku wuce kai tsaye, kada ku koma gida shawara.

Akwai wata cuta kuma da ke fara nuna kanta a muƙamuƙi. Ita ce tetanos, wadda ake ce ma sarƙe haƙora. Ƙwayarta a ƙasa take zaune, da cikin kashin dabbobi: doki, jaki, shanu. Ta rauni take shiga jiki, kuma ramin haƙori rauni ne. Ka duba awartakin da aka ajiye a ƙasan kasuwa, aka goge da tsumma, aka sa a bakinka. Ka duba toka ko garin magani da wasu ke cusawa a ramin. Hanyarta ke nan.

Ba ta fitowa nan take. Tsakanin kwana 3 da 21 take bayyana, sau da yawa wajen sati ɗaya. Baki ya riƙe gam, alhali ba wani kumburin kirki. Sai wuya ya sandare. Fuska ta ja kamar mai murmushin dole. Ciki ya yi tauri kamar allo, baya ya banƙare. In an buga ƙofa, ko an haska fitila, jiki duka ya zabura ya ɗaure. Duk da haka mutum yana cikin hankalinsa, yana jin abin da ake faɗi. Ganin haka ne ke sa wasu su ce iskoki ne, a tsaya turare har lokaci ya ƙure. Wasu kuma su ce sanƙarau ne, don shi ma yana sandarar da wuya. Kada ku ɓata lokaci wajen gardama, duka biyun na asibiti ne. Ba a ɗaukar tetanos daga mutum zuwa mutum, saboda haka kada ku ji tsoron riƙe majiyyaci. A tafi da shi ba hayaniya, a kare idonsa daga haske, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, yana iya shaƙewa.

Tetanos na da rigakafi. A shekarar 1987 aka fara babban shirin rigakafi a Nijar, ana yi ma yara ƙanana da mata masu ciki. Aikin ya yi amfani: a 2016 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta shaida cewa tetanos na jarirai da masu haihuwa ya ragu ƙwarai a ƙasarmu. Amma ku lura da waɗanda aka bari a baya: magidanta. Maza da yawa da aka haifa kafin lokacin ba su taɓa samun allurar ba, ga shi su ke fama da hauya da taki. Malam, in ba ka da tabbaci an taɓa yi maka, ka faɗa ma malamin likita kafin a taɓa haƙorinka. In kuwa an riga an cire a kasuwa, ka je ka faɗa tun baki bai riƙe ba.

Wani lokaci wajen fizgar haƙori da ƙarfi, ƙashin muƙamuƙi yakan tsage. Alama ita ce haƙoran sama da na ƙasa ba su haɗuwa yadda suka saba, ko leɓen ƙasa ya mutu ya ƙi farfaɗowa. Wani kuma mahaɗin ne ke gocewa, sai baki ya tsaya a buɗe ya ƙi rufuwa. Su ma a kai su likita.

Iyaye mata, ga taku. Yaro ma bakinsa na iya riƙewa ba tare da an cire masa haƙori ba. Akwai ciwon da likitoci ke kira noma. Ba noman gona ba ne, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ya fi kama yara ƴan shekara 2 zuwa 6 da ba su samun isasshen abinci, musamman bayan ƙyanda ko masassara. Daga dasashi yake farawa: jini, gyambo, wari, sai kunci ya kumbura. Cikin ƴan kwanaki yana iya huda kunci. Yaron da ya tsira, tabon yakan ɗaure muƙamuƙinsa, sai an yi masa aiki kafin ya buɗe baki. In an kai shi tun yana dasashi, magani na tsayar da ciwon. Ƙungiyar Sentinelles ta fara kula da irin waɗannan yara a Damagaram a 1992, a Sakkwato kuma aka buɗe masu asibiti a 1999. Ki riƙa ɗaga leɓen ɗanki kina duba dasashinsa.

Ku da kuka koyi rubutu, ga inda zai yi maku rana. Ranar da aka cire maka haƙori, ka ɗauki littafinka ka rubuta kwanan wata, da wurin da aka cire, da ko an yi maka allura. Kowace safiya ka auna da yatsu, ka rubuta: Litinin 2, Talata 1, Laraba 1. Ka rubuta ranar da masassara ta fara, da sunan duk maganin da ka sha. In tafiya likita ta kama, ka tafi da littafin. Mai riƙaƙƙen baki ba ya iya dogon bayani, sai ya miƙa takarda a karanta.