Me Ya Haɗa Zomo da Bikin Ista?

'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa karɓar katin gaisuwar Ista daga Turai ya ga hoton zomo da kwandon ƙwai masu launi. Wasu iyaye kan tambaya: shin ba bautar gumaka ba ce ta shigo ta bayan gida?

A Littafi Mai Tsarki dai babu abin da ya haɗa zomo da tashin Yesu Almasihu daga matattu. Hasali ma Littafin Firistoci 11:6 ya sa shi cikin dabbobin da aka hana Isra'ilawa ci.

Daga ƙasar Jamus al'adar ta fito. A shekarar 1682 wani malamin likitanci na jami'ar Heidelberg, Georg Franck von Franckenau, ya rubuta cewa ana yi wa yara tatsuniya wai zomo ne ke yin ƙwai ya ɓoye su cikin ciyawa, su kuma su bi suna nema. Su ƙwan suna da nasu dalili. A Turai ta dā an hana cinsu a azumin kwana arba'in kafin Ista, kaji kuwa ba su san da wani azumi ba, sai ƙwai ya taru, a dafa, a rina, a raba ranar idi. Zomo kuma a lokacin ne, bayan hunturu, ake ganinsa a gonaki yana hayayyafa. Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Pennsylvania ta Amurka a ƙarni na 18 suka tafi da al'adar, 'yan kasuwar alewa suka ƙarasa aikin.

To, batun gunki fa? Bede, wani malamin Ikkilisiya a Ingila da ya rasu a 735, ya ambaci wata allahiya mai suna Eostre, amma bai ce uffan game da zomo ba. Marubutan ƙarni na 19 ne suka yi wannan haɗi, bisa zato. A ganina bai kamata a riƙa tsorata masu bi da shi daga kan bagade ba.

Mu nan Fagada da kewayen Jega, Aliero da Maiyama, Ista tana zuwa ne cikin tsananin zafin bazara, ƙasa a bushe, ana jiran ruwan shuka. Zomon da yaranmu suka sani shi ne na tatsuniya mai wayo, da wanda mafarauta ke bi da karnuka. Ka ce musu yana yin ƙwai, dariya za su yi maka.