An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Ƙaiƙayin Karnuka da Kasuwar da Ta Taso a Kansa

A asibitocin dabbobi na Amurka da Turai, ƙaiƙayin fata da ciwon kunne suna sahun gaba cikin abubuwan da ke kai kare gaban likita. Kare zai kwana yana lasar tafin ƙafa, yana goga fuska a darduma, yana kaɗa kunne har masu gida su kasa runtsawa. Gari na wayewa, zargin farko a kan kwanon abinci yake sauka. Sai a sauya buhu, a sake sauyawa, a nemo mai tsada da aka rubuta wa "babu hatsi", kare kuwa yana nan yana susa. Wannan zargi shi ya gina kasuwa ta biliyoyin daloli, kuma a mafi yawan lokuta ba inda matsalar take aka nufa ba.

Kamfanin Banfield, mai asibitocin dabbobi kusan 1,000 a Amurka, ya fitar da rahoto a 2018 daga bayanan karnukan da suka bi ta hannunsa. Cikin shekara goma, alajin da abubuwan muhalli ke haddasawa ya ƙaru da kashi 30.7 cikin ɗari, na cizon ƙuma kuma da kashi 12.5. Alajin abinci fa? Kare 2 kacal cikin 1,000. Sauran nazarce-nazarce sun ɗan ɗaga adadin, suna cewa kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na karnukan da ake kai wa likita, kuma rabon yana hauhawa idan aka taƙaita ga masu ƙaiƙayi kaɗai. Ko da wanne aka ɗauka, abinci ba shi ne babban mai laifi ba. Abin lura, Banfield mallakar kamfanin Mars ne, wanda shi ke da abincin karnuka na Pedigree da Royal Canin, don haka mai sayar da abincin ne yake wanke abinci. Sai dai masanan da ba su da hannu a cinikin ma ba su yi nisa da wannan matsayi ba.

Me ya sa ƙaiƙayin ke ƙaruwa? Dalili mafi nauyi yana cikin jinin karnukan. Cutar da likitoci suka fi gani gado ce: fatar kare ba ta riƙe danshi da kyau, ba ta kuma tare abin da ya kamata ta tare, sai ƙurar furanni da kashin ƙananan ƙwarin da ke cikin katifa su ratsa, garkuwar jiki ta tashi yaƙi da abin da ba abokin gaba ba. Alamun kan fara tsakanin wata shida da shekara uku, a ƙafafu, kunnuwa, hammata, ciki da kewayen baki. Kuma irin karnukan da suka fi gadon cutar su ne waɗanda kasuwa ta fi so: Labrador, Golden Retriever, West Highland Terrier, Boxer, da ɗan ƙaramin buldog na Faransa. Wannan na ƙarshe, mai lanƙwasasshiyar fatar da ke tara gumi da ƙwayoyin cuta, shi ya zama na ɗaya a rajistar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka a 2022, ya kawar da Labrador da ya shekara 31 a kan kujerar. Mutane suna zaɓen kare don siffar fuskarsa, masu kiwo suna haɗa dangi na kusa don siffar ta tabbata, cutar kuwa tana bin zuri'a.

Sai kuma sauyin mazauni. Karen da kakansa yake kwana a tsakar gida ko rumbun gona, yau a kan gadon mai shi yake barci, cikin ɗakin da aka toshe ko'ina don riƙe ɗumi. Nan ne gidan ƙwarin ƙura, waɗanda ido ba ya gani, kuma su ne kan gaba cikin abubuwan da gwajin alaji ke nunawa a karnuka. Masu bincike a Jami'ar Helsinki ta Finland sun wallafa a 2018 cewa karnukan birni sun fi na karkara nuna alamun alaji, kuma sau da yawa kare da mai shi tare suke fama. Zama cikin babban iyali da cuɗanya da dabbobin gona suna tafiya da ƙarancin cutar. Binciken bai ce birni ne kaɗai sanadi ba, amma ya yi daidai da abin da aka daɗe ana gani a 'yan Adam.

Yanayi ma ya sa hannu. Wani nazari da aka jagoranta daga Jami'ar Utah, aka buga a 2021, ya duba tashoshin auna ƙurar furanni a Amurka da Kanada daga 1990 zuwa 2018, ya ga lokacinta yana farawa da wuri da kimanin kwana 20, yawanta kuma ya ƙaru da kashi 21 cikin ɗari. Sanyin da ya yi sauƙi kuma yana barin ƙuma ta rayu watannin da a da take mutuwa. Dole a ƙara da cewa wani ɓangare na hauhawar alƙaluman ba ƙarin cuta ba ne, ƙarin kai kare asibiti ne. Karen da a 1980 za a ce "ai haka yake, mai susa ne", yau yana da inshora da likitan fata nasa.

A koma ga kwanon abinci, inda ruɗanin ya fi kauri. A 2016 wasu likitocin fatar dabbobi uku, Ralf Mueller na Munich, Thierry Olivry da Pascal Prélaud, sun tattara rahotannin karnuka 297 da aka tabbatar abinci ne ke tayar musu da ciwo. Naman shanu ne ya zo na farko da kashi 34, madara da danginta 17, kaza 15, alkama 13. Masara kashi 4 ce kawai, shinkafa 2. Wato idan har abinci ne, zargi ya fi dacewa da nama, abin da ake yi wa kirari a jikin buhu. Ba wani mugun abu ke cikin naman shanu ba. Garkuwar jiki tana ƙulla gaba ne da furotin ɗin da ta daɗe tana haɗuwa da shi. Shi ya sa naman rago, da a da likitoci suke ba da shi a matsayin baƙon nama mai lafiya, ya rasa wannan daraja da zarar kamfanoni suka cika shaguna da shi.

To ina ƙiyayyar hatsi ta samo asali? Wani ɓangare daga 2007, lokacin da aka gano sinadarin melamin cikin garin alkamar da aka shigo da shi daga Sin, karnuka da kuliyoyi suka yi ta mutuwa da ciwon ƙoda, kamfanin Menu Foods na Kanada ya janye gwangwanaye da ƙunshi kusan miliyan 60. Amana ta karye. A daidai lokacin kuma mutane da kansu suna yayin guje wa alkama, sai suka ɗora wa karnukansu. Masu talla suka kawo hoton kyarkeci, suka ce kare jikansa ne, nama kaɗai ya dace da shi. Amma binciken da aka buga a mujallar Nature a 2013 ya nuna kare ya bambanta da kyarkeci daidai a wannan wuri: yana da kwafi da yawa na ƙwayar halittar da ke narkar da sitaci, saboda dubban shekarun da ya yi yana cin ragowar abincin manoma.

Da aka cire hatsi, dole a cike gurbinsa da wani abu, sai aka zuba nau'o'in wake da dankali. A Yulin 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa tana binciken rahotannin wata cutar kumburin zuciya a karnukan da ba a san irinsu da ita ba. Zuwa Yunin 2019 ta tara rahotanni 524, sama da kashi 90 cikin ɗari na abincin da aka ambata marar hatsi ne, ta kuma fitar da sunayen tambura 16. A ƙarshen 2022 hukumar ta ce ta daina fitar da sabbin bayanai sai an sami hujjar kimiyya mai ƙwari, kuma har zuwa lokacin ba a tabbatar abincin ne sanadi kai tsaye ba. Duk da haka, lissafin bai yi wa mai kare daɗi ba: ya biya kuɗi da yawa don maganin cutar da wataƙila karensa ba shi da ita, ya sayo fargabar wata da ta fi ta muni.

Hanyar gane alajin abinci ɗaya ce, kuma mai gajiyarwa ce. Ana ɗora kare a kan abincin da bai taɓa ci ba, ko wanda aka farfasa furotin ɗinsa ƙanana har garkuwar jiki ta kasa gane shi, na tsawon mako takwas. Ba ƙashi, ba loma daga hannun yara, ba ƙwayar magani mai ɗanɗanon nama. Idan ƙaiƙayi ya lafa, sai a dawo da tsohon abincin da gangan. In ya tashi, an kama ɓarawo. Wannan mataki na ƙarshe ne mafi yawan mutane suke tsallakewa, don wa zai so ya mayar da karensa cikin wahala? Sai dai ba tare da shi ba, mai yiwuwa lokacin furanni ne ya wuce, aka ba sabon buhu ladan da ba nasa ba. Wahalar gwajin ta buɗe ƙofa ga masu sayar da gajeriyar hanya ta intanet: aiko gashi da yawu, mu aiko maka jerin abin da zai guje wa. A 2019 wasu likitocin fata a Amurka suka aika wa irin wannan kamfani gashin roba daga jikin 'yar tsana, da ruwa a madadin yawu. Sakamako ya dawo da jerin abincin da 'yar tsanar ba ta jurewa.

Ta fuskar magani kuwa an ci gaba da gaske. Shekaru da dama abin dogaro shi ne firednisolon da danginsa, masu kashe ƙaiƙayi nan take amma su bar kare da ƙishirwa, yawan fitsari, ƙiba da raunin garkuwa idan aka daɗe. A 2013 aka amince da ƙwayar Apoquel ta kamfanin Zoetis, wadda ke datse saƙon ƙaiƙayi cikin sa'o'i. Aka yi ta wawasonta har ta yi ƙaranci a kasuwa. A 2016 allurar Cytopoint ta biyo baya, tana riƙe kare mako huɗu zuwa takwas. Cinikin su biyun ya haura dala biliyan ɗaya a shekara, kuma a 2024 kamfanin Elanco ya shigo da Zenrelia don ya ɗebi rabonsa. Magungunan suna aiki, babu gardama. Aibinsu shi ne ba sa warkarwa, ana biya ne har ƙarshen ran kare, kuma saurin aikinsu yana sa a daina tambayar me ya kawo ƙaiƙayin. Allurar koyar da jiki juriya, wadda ake haɗawa daga ainihin abin da ke damun karen, ita kaɗai ke taɓa tushen cutar, tana kuma taimakon fiye da rabin waɗanda aka yi wa, amma tana iya cin shekara kafin a ga amfaninta. 'Yan kaɗan ne ke da wannan haƙuri.

Tsadar nan da tsoron illar ƙwaya su ke tura jama'a ga abin da ake kira maganin gargajiya ko na asali. A nan akwai tsaba, akwai ƙaiƙayi irin na sussuka. Man kifi yana da hujja: yana ɗan rage kumburin fata, yana iya sa a rage yawan ƙwayar da ake ba kare, amma sai bayan wata biyu ko uku, kuma shi kaɗai ba ya isa. Wanka mako-mako da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulu marar zafi yana wanke ƙurar da ta maƙale a gashi, kuma jagororin da masana alajin dabbobi na duniya suka sabunta a 2015 sun amince da shi. Goge ƙafafu bayan yawo da wanke shimfiɗa da ruwan zafi ba sa cin ko kwabo. Zumar unguwa kuwa, da ake cewa tana saba wa jiki da ƙurar furanni, ba ta da madogara: ƙudan zuma furanni masu kala yake bi, alhali ƙurar da ke tayar da ciwo ta ciyawa ce da bishiyoyi, wadda iska ke ɗauka. Man kwakwa yana laushin fata, hujjarsa a kan alaji ba ta taka kara ta karya ba. Ruwan khal a kan fatar da aka sosa ta yi rauni azaba ce kawai. Ɗanyen nama bai sauya komai ba ga karen da naman shanu ke damu, sai ƙarin haɗarin salmonela ga yaran gida.

Wasu kuma guba ce tsagwaronta. Tafarnuwa da albasa, da ake ba kare wai don korar ƙuma, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa. Man bishiyar melaluka ta Ostireliya, wanda ake tallarsa don ƙaiƙayi, cibiyar kula da gubar dabbobi ta ƙungiyar ASPCA ta tara rahotanni 443 na karnuka da kuliyoyin da tsantsarsa ta kwantar tsakanin 2002 da 2012, da dalalar yawu, tangaɗi da karkarwa.

Ita kuma ƙuma, wadda ta fi komai sauƙin magani, ita aka fi musantawa. "Karena ba shi da ƙuma, kullum a ɗaki yake." Ga kare mai alajin yawunta, cizo ɗaya ko biyu sun isa ya kwashe kwanaki yana tsige gashin gindin wutsiyarsa, kuma sau da yawa ya riga ya haɗiye ta wajen lasa kafin a duba.

Yayin zargin alaji da sauya abincin kare ya fara iso mana ta hannun masu sayen manyan karnukan gadi na waje a Abuja, Kaduna, Jos da Kano, tare da buhunan abinci masu tsada da shawarwarin Facebook. Amma a ƙasarmu, karen da ke susa har gashi ya zube, kafin a ambaci alaji sai an kawar da ƙazuwa, kaska da ƙuma, musamman da damina, sannan bushewar fata ta hunturu. Likitan dabbobi zai ɗan kankare fatar ya duba a madubin likita, aikin mintuna ne, kuma asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suna yi. Abin da aka fi yi a unguwa shi ne shafa baƙin man inji, wanda kare ke lashewa ya shiga cikinsa, ko a sayo ƙwayar dekzametason a kemis. Ita ƙwayar takan kwantar da susa na 'yan kwanaki, amma idan ƙazuwa ce, ta danne garkuwar da ke riƙe da ƙwarin da ke haddasa ta, su ninka, a dawo da kare fatarsa ta yi ɓawo tana wari, maganin da a farko zai ci mako huɗu ya koma na watanni.