Lambar da Ba Ta Faɗin Sunan Mai Ita: Yadda Ake Tantance Tsofaffin Lambobin Yabon Sojan Jamus

Duk wanda ya taɓa riƙe irin lambar yabon da Turawan Ingila suka ba sojojin Najeriya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ya duba bakinta zai ga an buga sunan sojan, da muƙaminsa, da rundunarsa. Lambar da kanta take faɗin mai ita. Jamusawa kuwa ba haka suka yi ba. Lambarsu da ta fi kowace shahara, Eisernes Kreuz, wato Gicciyen Ƙarfe, ba a buga sunan kowa a jikinta. Ga ta kuma da yawa: daga 1914 zuwa 1918 kaɗai an raba fiye da miliyan 5 na aji na biyu, da kimanin 218,000 na aji na ɗaya. Ta janar da ta kurtu duk kamarsu ɗaya.

Wannan ne ya sa tara lambobin Jamus ya zama ilimi mai zaman kansa. Akwai gidajen gwanjo da suka yi suna a harkar, kamar Hermann Historica a yankin Munich da Künker a Osnabrück. Akwai kundayen da masani Jörg Nimmergut ya tsara, waɗanda dillalai ke dubawa kafin su faɗi farashi. Akwai kuma 'yan jabu, waɗanda ba su fi masu sayen ƙarancin karatu ba. Tunda ƙarfen ba ya faɗin sunan mai shi, dole mai tarawa ya koyi karanta abu uku: fuskar lambar, ƙirar jikinta, da takardar da ta zo da ita.

Ƙarfe a maimakon zinariya

Sarkin Prussia Friedrich Wilhelm na Uku ne ya ƙirƙiro Gicciyen Ƙarfe a birnin Breslau, lokacin da ƙasarsa ta ɗaura ɗamarar korar sojojin Napoleon. Takardar kafa lambar tana ɗauke da kwanan watan 10 ga Maris 1813, ranar zagayowar haihuwar matarsa Sarauniya Luise, wadda ta rasu a 1810. Sarkin ya zana siffar da yake so, shahararren magini Karl Friedrich Schinkel ya gyara ta: baƙin gicciye mai faɗin baki, an kewaye shi da farar azurfa.

Zaɓin baƙin ƙarfe ba rowa ba ce. A shekarar, matan Prussia suna miƙa sarƙoƙinsu da zobbansu na zinariya don a sayi makamai, ana ba su na ƙarfe su sa. Wani sabon abu kuma shi ne, lambar ba ta bambanta ɗan sarauta da talaka ba, alhali kafin nan manyan lambobi na hafsoshi ne kawai.

Ba kullum ake bayar da ita ba. Sai babban yaƙi ya tashi ake farfaɗo da ita: a 1870 da aka gwabza da Faransa, a 1914, sannan a 1939 a hannun Adolf Hitler. Kowane zamani ya bar alamarsa a fuskar gicciyen. Na 1870 da na 1914 suna da kambin sarauta a sama, harafin W na sarki Wilhelm a tsakiya, shekara a ƙasa. Na 1939 ba kambi, ba harafi, sai alamar swastika ta 'yan Nazi, kuma an ƙara ja a ƙyallen ratayawar da a da baƙi da fari ne kawai.

A nan ne sabon shiga ke fara faɗawa rami. Idan ya juya gicciyen aji na biyu ya ga an rubuta 1813, sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, kayan shekara 200 ya shigo hannunsa. Alhali duk na 1870 da 1914 da 1939 suna ɗauke da 1813 a baya, don tunawa da shekarar kafawa. Shekarar da ke gaba ita ce abin dubawa.

Kafin 1918 kuma, ko da yake Jamus ta haɗe tun 1871, kowace masarauta da nata lambobin. Bavaria tana da ta Max Joseph tun 1806, Saxony tana da ta Saint Henry tun 1736. Mafi daraja cikin na soja a Prussia ita ce Pour le Mérite, shuɗin gicciye mai gaggafa huɗu, wadda Sarki Frederick Babba ya kafa a 1740. Mutum 687 ne suka same ta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ciki har da matuƙin jirgin yaƙi Manfred von Richthofen da Erwin Rommel, dukansu a 1917. Na ƙarshe da ya rage da rai cikin masu ita shi ne marubuci Ernst Jünger, wanda ya rasu a 1998. Lambar da adadinta bai kai dubu ba a yaƙin, in aka gan ta a kasuwar tsofaffin kaya da araha, ba sai an tambayi boka ba.

Abin da jikin ƙarfen ke faɗa

Gicciyen Ƙarfe na ainihi yawanci gida uku ne. Akwai baƙar zuciyar ƙarfe a tsakiya, sai firam biyu, na gaba da na baya, da aka haɗe su da walda suka rungume ta. Don haka gwajin farko shi ne maganaɗisu: in ya kama tsakiyar bai kama firam ɗin ba, an fara daidai. Na biyu shi ne duba gefe da gilashin ƙara girma, a nemi siririn layin da ya nuna inda aka haɗa firam ɗin. Jabu mai arha zubi ɗaya ake yi masa, zanensa ya fito a dakushe, fuskarsa da 'yan ƙananan ramuka na kumfar zubi.

Sai dai gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Akwai na ainihi da aka yi zuciyarsu da tagulla don kada ta yi tsatsa, maganaɗisu ba zai kama su ba. Akwai kuma jabu masu gida uku da za su ci wannan jarrabawa su wuce.

Shi ya sa ƙwararru ke komawa kan tambarin maƙeri. A ƙaramin zoben da ake rataye lambar ake buga shi. A na 1914 ana ganin haruffa irin su KO ko S-W, na biyun na kamfanin Sy & Wagner na Berlin, wani lokaci da 800 mai nuna yawan azurfa. A zamanin Hitler an ba kowane kamfani lambarsa: 1 ta Deschler ce ta Munich, 4 ta Steinhauer & Lück ta Lüdenscheid, 65 ta Klein & Quenzer, 100 ta Wächtler & Lange. Daga 1941 kuma waɗanda ake sayarwa a shago ga sojan da tasa ta ɓace suna da harafin L a gaba, kamar L/12 ta kamfanin Juncker.

Tambari kansa ana iya buga shi a kan komai, don haka abin da ake bi shi ne ko ya dace da jikin. Kowane kamfani da ƙarfen bugunsa, kuma kowane ƙarfen bugu yana da 'yar tsagarsa ko tabonsa da ke fitowa a kan duk abin da ya buga. Masu tarawa sun ɗauki hotunan waɗannan tabo sun adana, har su kan ƙirga ƙananan layukan da ke gefen firam. In tambari ya ce Deschler amma siffar alƙaluman shekarar ta wani kamfani ce, magana ta ƙare. Ana kuma auna faɗi da nauyi: na 1914 kimanin milimita 42 ne, na 1939 kimanin 44.

Wannan 'yar tazara ta shekara ko ta milimita kuɗi ce mai yawa. Gicciyen aji na biyu na 1914 ana samunsa da 'yan gomomin Yuro, saboda yawansa. Na 1870 kuwa, da ba a raba 50,000 ba, ya ninka shi tsada, don haka wasu ke kankare 1914 su mayar da ita 1870. Haka nan Gicciyen Barade na 1939, Ritterkreuz, wanda ake ratayawa a wuya kuma mutum kimanin 7,300 ne suka samu, dubban Yuro yake ci. Faɗinsa kimanin milimita 48 ne. 'Yan damfara su kan ɗauki na aji na biyu su sauya masa zobe su ce shi ne, amma ma'auni na tona musu asiri.

Abin da ya fi wuyar sha'ani shi ne kayan bayan yaƙi. Da aka ci Jamus a 1945, sojojin Amurka da na Ingila sun yi ta neman tsarabar komawa gida, wasu masana'antu kuma suka ci gaba da harhaɗa ragowar kayan da ke rumbunansu suna sayar musu. Irin waɗannan yanzu sun kai shekara 80, sun yi tsatsa da dauɗar tsufa ta gaskiya, alhali ba a taɓa liƙa su a ƙirjin kowane soja ba.

Takarda ma tana ƙarya

Tunda ƙarfen ba suna, takardar shaidar bayarwa ce ke ɗauke da shi, da muƙami da runduna da kwanan wata da sa hannun kwamanda. Lambar da ta zo da takardarta da littafin aikin sojan da hotonsa ta fi wadda ta zo ita kaɗai daraja nesa ba kusa ba, don ana iya bin sunan a kundayen tarihi a ga ko rundunar tana wurin da aka ce a ranar.

Labarin Konrad Kujau ya isa darasi. Dillalin tsofaffin kayan soja ne a Stuttgart, wanda ya lura cewa kwalkwali ko lamba tana ƙara tsada in aka haɗa ta da wasiƙar da ke cewa ta wani babba ce. Sai ya riƙa rubuta wasiƙun da hannunsa. Daga nan ya wuce gona da iri, ya rubuta kundaye kusan 60 ya ce littafin sirrin Hitler ne, mujallar Stern ta biya Mark miliyan 9.3 ta sanar da duniya a Afrilun 1983. Cikin makonni biyu bincike ya nuna takardar tana da wani sinadarin ƙara fari da ba a fara sa shi ba sai bayan yaƙi. An ɗaure Kujau shekara huɗu da rabi a 1985.

Wannan sinadari yana ƙyalli idan aka haska shi da fitilar da ake gwada jabun kuɗi. Yau da wuya a ga mai tarawa ba irin wannan fitila a aljihu, yana haska takarda da ƙyallen ratayawa. In farin zaren ya yi ƙyallin shuɗi, to a sake tunani.

Doka da nauyin tarihi

A Jamus, sashe na 86a na dokar laifuka ya haramta nuna swastika a bainar jama'a, sai don ilimi, bincike ko fasaha. Shi ya sa dillalai ke rufe alamar a hotunan tallarsu. Kamfanin eBay ya hana sayar da kayan Nazi tun 2001, Ostareliya kuma ta haramta cinikinsu daga Janairun 2024. Wata dokar Jamus ta Yamma ta 26 ga Yuli 1957 ta ba tsofaffin sojoji izinin sa lambobinsu muddin an cire alamar, don haka aka ƙera sabon gicciye mai ganye uku a tsakiya da 1939 a ƙasa. Wannan ba jabu ba ne, amma kuma ba kayan lokacin yaƙi ba ne.

Nauyin bai tsaya kan zamanin Hitler ba. A 1907 an fitar da lambar tunawa da yaƙin Kudu maso Yammacin Afirka, Namibiya ta yau, mai 'yan sanduna da ake liƙa wa ƙyallenta ɗauke da sunayen wurare irin su Waterberg. A can ne a 1904 Janar Lothar von Trotha ya kora 'yan ƙabilar Herero cikin hamada suka mutu da ƙishirwa, aka kuma ba shi Pour le Mérite a 1905. Sai a 2021 gwamnatin Jamus ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi ne.

Ƙasashen da Hausawa ke zaune ma suna da rabonsu a wannan tarihi. Hausawa sun yi aiki a rundunonin Jamus na Togo da Kamaru. Sojan Afirka yawanci ba Gicciyen Ƙarfe ake ba shi ba, sai Kriegerverdienstmedaille, 'yar zagayayyiyar lamba ta jarumta. Ko lambar mulkin mallaka ta 1912, wadda ake ba baƙar fata an yi ta ƙarama fiye da ta Bature. Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lakwaja ke ɗauke da sunansa, a rundunar Jamus ta Kamaru ya fara aikin soja kafin Turawan Ingila su kama shi a yaƙin, ya koma rundunar Najeriya ya yi suna a can.

Saboda haka, wanda ya tarar da irin wannan lamba a tsohuwar adakar kakansa a Garwa, Marwa ko Sokode, kada ya goge ta da toka ko man goge ƙarfe, don gogewa na share alamun da ake tantance ta da su. Kada ya raba ta da ƙyallenta ko wata takarda da aka ajiye tare da ita. Ya ɗauki hoton gaba da baya da zoben, ya rubuta sunan mai ita da duk abin da dattawan gidan suka sani game da shi, sannan ya nuna wa ma'aikatan gidan tarihi kafin ya saurari tayin dillali.